Kiɗa, Rawa da Isar da Ilimi: Daga Gaya Zuwa Indiya

Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka zauna gindin Dala saboda tama, daga Gaya suka taso. Ilimin narka ƙarfe kuwa ba a rubuce ya yaɗu ba. A bakin zugazugi uba ke koya wa ɗa, makaɗan dundufa kuma suna adana tarihin zuriya cikin kirari.

Mutanen Indiya sun riƙe irin wannan gado da kyau. A 1936 Rukmini Devi ta kafa makarantar Kalakshetra a Madras domin raya rawar Bharatanatyam, wadda aka wulaƙanta a zamanin mulkin Turawa. A 1949 Mrinalini Sarabhai da mijinta Vikram, masanin sararin samaniya, suka kafa Darpana a Ahmedabad, aka riƙa wayar da kan jama'a ta hanyar rawa.

A ƙasar Hausa, majigi ne ya kai darussan noma da tsafta ƙauyuka. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, sai da sarakuna da malamai suka sa baki sannan jama'a suka sake amincewa. Ashe ke nan, ma'aikacin da ya raina al'adar manomin Gaya ko Ajingi, da wuya iliminsa ya wuce ƙofar zaure.