Laƙabin umarni a Unix: daga Bell Labs zuwa Berkeley

Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara aikin Unix a Bell Labs cikin 1969. A zamanin, da Teletype ake yi wa kwamfuta magana, na'urar da ke buga haruffa 10 cikin sakan ɗaya. Wannan na cikin dalilan gajartar sunayen umarni: ls, cp, rm. Kwamfuta ɗaya ce ga mutane da yawa, sunayen kuma na kowa ne.

C shell na Bill Joy, ɗalibi a Berkeley, da aka rarraba cikin 1979, ya zo da alias, wato laƙabi: mutum ya raɗa wa dogon umarni gajeren suna, ya ajiye cikin nasa fayil ɗin .cshrc, ba tare da ya taɓa na maƙwabcinsa ba. Shell na Bourne, tsaransa, ba shi da wannan; daga baya na Korn (1983) da Bash (1989) suka ɗauka.

A ganinmu, matsala ta taso ne inda mai kula da kwamfuta ya ɗora wa kowa laƙabi ɗaya, misali rm ya koma rm -i, mai tambaya kafin ya share. Wanda ya saba da haka, ran da ya zauna gaban wata kwamfuta, sai fayilolinsa su tafi babu tambaya.