Takobi da Asalinsa: Tarihin Makaman Gado a Wasannin Tatsuniya na Kan Tebur

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu dubi yadda makaman tsafi suka sami tarihi a wasannin tatsuniya na kan tebur. A irin wannan wasa, mutane kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi, jagora yana warware labari, ɗan lido kuma yana yanke hukuncin nasara ko faɗuwa.

Tushen Al'amarin

Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ya ɗebo ruwa daga rijiyar adabin Turai. A littafin Tolkien na 1954 zuwa 1955 mun ga karyayyen takobin Narsil da aka sāke ƙerawa domin Aragorn, magajin sarauta, da kuma sulken da Bilbo ya bai wa Frodo. Amma a farkon wasan, yawancin makamai ba su da suna balle asali. Lamba ce kawai ke nuna ƙarfinsu. Da zarar jarumi ya tsinci wanda ya fi, sai ya yar da na hannunsa.

Sauyi ya fara a 1976, da littafin Eldritch Wizardry ya kawo takobin Kas, wanda aka danganta da wani barden matsafi Vecna. Sai dai wasan Earthdawn na kamfanin FASA, a 1993, shi ya kai abin maƙura. A cikinsa makami ba ya sakin sirrinsa sai mai shi ya binciko sunansa, da maƙerinsa, da abin da aka aikata da shi. A 2005 littafin Weapons of Legacy ya shigar da makamancin wannan tsari cikin Dungeons & Dragons, har ya ɗora wa jarumi sadaukar da wani abu daga ƙarfin kansa kafin makamin ya bunƙasa.

Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, cikin shekara 31 masu tsara wasannin nan sun mayar da binciken tarihi sharaɗin samun ƙarfi. Wanda ya gaji takobi bai san labarinsa ba, ƙarfe kawai ya gada. Wannan darasi ne ga marubutanmu masu tasowa: kafin mu miƙa wa jarumin labari makami, mu fara sanin hannayen da suka riƙe shi.