Duwatsun Azbin

Duwatsun Azbin, waɗanda Buzaye ke kira Ayar, jerin tsaunuka ne a arewacin Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Agadas. Daga gabas suna iyaka da Tenere, hamadar yashi da ta miƙe har Bilma. Ƙololuwarsu mafi tsawo, Idukal-n-Tages, tana kan tudun Bagzan, tsayinta mita 2,022.

Duwatsun baƙaƙe ne, ruwan sama kuma ɗan kaɗan yake sauka, galibi tsakanin Yuli da Satumba. Amma idan ya zuba, sai ya gangaro kwazazzabai, ya nutse ƙarƙashin yashin koramu, mutane su haƙa rijiyoyi su same shi. A ƙauyen Timiya, raƙumi ke jan guga, a shayar da dabino, lemo da rumman a tsakiyar dutse, abin sha'awa ƙwarai. UNESCO ta sanya Azbin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991.

Kanawa sun daɗe da sanin Azbinawa. A da, ayarin Azbinawa kan tsallaka Tenere su ɗauko gishirin Bilma, su kawo shi Kasuwar Kurmi ta Kano, su koma da gero da turkuɗi.