Tauraron tekun da ke kwanci: yadda aka gane shi

Masuntan tafkin Madarunfa, kusa da Ɗan Issa, sun san halin karfasa: uwa kan riƙe ƙwanta a baki, ba ci ba kiwo, har ƴaƴan su ƙyanƙyashe. A gaɓar tekun Birtaniya ma akwai wata ƴar halitta mai irin wannan ɗawainiya, kuma ɗawainiyar ce ta sa masana suka gane jinsi ce mai zaman kanta, bayan an daɗe ana ɗaukarta ƴar wata.

Tauraron teku ba kifi ba ne. Ba shi da ƙashin baya, ba shi da kai. Yawanci hannuwa biyar gare shi, bakinsa yana ƙasa a tsakiya, yana rarrafe kan duwatsu da ƙananan ƙafafu masu kama da bututu. A 1777 masanin halittu Thomas Pennant ya bayyana wani mai gajerun hannuwa, wanda yau ake kira Asterina gibbosa, faɗinsa kan kai santimita 5. Daga nan, duk ƙaramin da aka tsinta a kududdufan da teku ke bari idan ya janye, sai a ce ɗan gibbosa ne da bai gama girma ba. Haka aka tafi shekara 200.

A shekarun 1970 Roland Emson da Robin Crump suka sa ido kan waɗannan ƙananan a gaɓar West Angle, a yankin Wels. Suka lura ba sa wuce santimita ɗaya da rabi, amma suna haihuwa. Launinsu kore ne, da tambarin tauraro ja-ja mai duhu a gadon baya. Babban bambancin kuwa wajen ƙwai yake. Gibbosa kan manna nasa a ƙarƙashin dutse ya yi gaba. Su kuwa ƙananan sukan taru su zuba ƙwai, su rufe shi da jikinsu, ba sa gusawa sai ƴaƴan sun fito suna rarrafe. A 1979 masanan biyu suka ba su suna Asterina phylactica.

Kwancin yana kare ƙwai, amma yana da tasa tsada. Ƴaƴan yawancin taurarin teku igiyar ruwa ke kwashe su ta kai nesa. Na phylactica kuwa inda aka haife su nan suke zama. Saboda haka masifa ɗaya na iya share zuriyar wuri guda. An ga hakan a Fabrairun 1996, da jirgin dakon mai Sea Empress ya yi karo da duwatsu a mashigar Milford Haven, ya zubar da ɗanyen mai kimanin tan 72,000. Man ya malale West Angle, phylactica kaɗan ne suka tsira. Tunda da wuya wasu su zo daga nesa su cike gurbin, daga waɗannan tsirarun zuriyar ta sake yaɗuwa a shekarun da suka biyo baya.