Tiyatar Riga-kafi da Matan Flatbush

Cire ma'ajiyar ƙwan mace saboda sankarar mama tsohon aiki ne a likitanci. A 1896 wani likita a Glasgow, George Beatson, ya lura cewa ƙarin maman wasu mata yakan lafa bayan an yi masu wannan tiyata. A lokacin magani ne ga cutar da ta riga ta kama. Cire lafiyayyar gaɓa don gudun abin da bai zo ba kuwa, sai da ilimin gado ya bunƙasa.

A 1990 Mary-Claire King ta nuna inda ƙwayar gadon BRCA1, mai alaƙa da sankarar mama, take, aka zaƙulo ta a 1994, BRCA2 ta biyo baya a 1995. Ba a jima ba aka gane cewa kusan mutum 1 cikin 40 na Yahudawan Ashkenazi yana ɗauke da ɗaya daga cikin illoli 3 na waɗannan ƙwayoyi. Nan maganar ta shigo unguwar Flatbush ta Brooklyn, ɗaya daga cikin manyan matsugunan Yahudawa masu riƙon addini a Amurka. Binciken da King da abokan aikinta suka fitar a 2003 kan Yahudawan New York da sankarar mama ta kama, da danginsu, ya kai haɗarin sankarar ma'ajiyar ƙwai kashi 54 cikin 100 ga masu illar BRCA1, kashi 23 ga masu BRCA2. Sankarar ma'ajiyar ƙwai cuta ce mai ɓoyon kanta, har yau kuma babu gwajin da ke kama ta da wuri yadda ya kamata. Tun a 2002 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering suka nuna cewa tiyatar tana rage haɗarin sosai. Shawarar da ta zauna ita ce a cire ma'ajiyar da bututunta bayan an gama haihuwa: shekara 35 zuwa 40 ga mai BRCA1, 40 zuwa 45 ga mai BRCA2.

Sai dai a Flatbush "gama haihuwa" ba ƙaramar magana ba ce. Gidaje ne masu son yawan zuriya, shari'arsu ta hana kashe haihuwa, amma ta fifita ceton rai, don haka mace takan nemi fatawar malaminta bayan ta ji ta bakin likita. Ga kuma tsoron kada labari ya fita a guji auren 'ya'yanta mata, tsoron da duk wanda ya san yadda sikila ke wargaza baiko a ƙasar Hausa zai fahimta. Ita kanta tiyatar tana ɗauke al'ada farat ɗaya, ta bar zafin jiki da raunin ƙashi.

Ɗaya ɓangaren unguwar, na baƙaƙen fata 'yan Haiti da Jamaika da Trinidad, waɗanda da yawansu asibitin Kings County ne madogararsu, an daɗe ba a waiwaye su ba. Kuɗin gwajin ƙwayoyin gadon BRCA ya haura dala 3,000 kafin Kotun Ƙolin Amurka ta soke mallakar kamfanin Myriad kan ƙwayoyin a 2013. Wannan sakaci ne mai tsada, domin illar ba ta Yahudawa kaɗai ba ce: binciken Olufunmilayo Olopade na 2018 ya same ta a jikin kusan kashi 11 cikin 100 na masu sankarar mama a Ibadan.