Donot Mai Falle-Falle: Asalinsa Da Yadda Ake Yin Sa A Gida

Donot mai falle-falle wani nau'in abin tuya ne da ake yi da fulawa da yis da bota mai yawa. A ido yana kama da donot ɗin da aka saba gani, zagayayye mai rami a tsakiya, amma idan aka gutsura sai a tarar cikinsa hawa-hawa ne, falle a kan falle, bayansa kuma yana ƙaras-ƙaras. Ya fara bayyana a shagunan kayan maƙulashe na manyan birane, matan da ke sana'ar tuya a gida kuma sun soma gwada shi.

Kayan haɗinsa ba su da wahalar samu. Uwargidan da ke unguwar Tirwun a gefen birnin Bauchi za ta iya sayen kusan komai a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. Abin da ke ba da wahala shi ne zafi. Nasarar wannan donot ta dogara ne kan abu ɗaya: bota ta zauna da sanyinta a tsakanin fallayen kwaɓi tun daga murjin farko har zuwa lokacin da za a jefa shi cikin mai. Idan ta narke kafin nan, fulawa da bota da man tuya sun tafi a banza, a lokacin da babu ɗaya daga cikinsu mai araha.

Asalinsa

Wannan donot haɗin gambiza ne tsakanin donot da burodin Faransawa da ake kira kurwasan, sunan da ke nufin jinjirin wata saboda siffarsa. Mutanen Jamhuriyar Nijar sun fi na Najeriya sanin kurwasan, domin ana samun sa a gidajen burodi na Yamai da Maraɗi da Damagaram, yana cikin abubuwan da zaman Faransawa ya bari.

Shi kansa kurwasan tushensa ƙasar Ostiriya ne, inda ake da wani lanƙwasasshen burodi mai suna kipferl. Wani tsohon hafsan sojan Ostiriya, August Zang, ya buɗe gidan burodi a birnin Paris wajen shekarar 1839, ya kuma sa irin wannan burodi ya karɓu a Faransa. A farkon ƙarni na 20 ne masu gasa burodi na Faransa suka riƙa yin sa da kwaɓin da ake ninkewa da bota, wanda ya ba shi fallayen da aka san shi da su yau.

A watan Mayun 2013 wani Bafaranshe mai gidan burodi a birnin New York na Amurka, Dominique Ansel, ya fito da donot ɗin da aka yi da irin wannan kwaɓi, aka soya shi maimakon a gasa. Ya raɗa masa suna Cronut, ya yi wa sunan rajista a matsayin tambarin kasuwanci, yana sayar da kowane ɗaya dala 5. Jama'a suka riƙa bin dogon layi tun da sassafe, mujallar Time kuma ta sa shi cikin sababbin ƙirƙire-ƙirƙire 25 mafi fice na wannan shekara. Nasa yana ɗaukar kwana uku kafin ya kammala. Na gida ana iya gama shi cikin kwana biyu.

Yadda fallayen ke samuwa

Ana naɗe curin bota a cikin kwaɓi, a murza ya yi faɗi, a ninke shi gida uku kamar yadda ake ninke wasiƙa. Ninkin farko yana ba da fallen bota 3, na biyu 9, na uku 27, kowanne a tsakanin siraran fallayen kwaɓi. Bota ta gaske kusan kashi 80 zuwa 82 cikin 100 nata maiƙo ne, yawancin sauran kuma ruwa. Idan donot ya shiga mai mai zafi, ruwan da ke cikin bota da na kwaɓi ya zama tururi ya ɗaga fallayen, maiƙon kuma ya hana su mannewa da juna.

Bota takan narke a tsakanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos, tana kuma fara laushi tun kafin nan. A Bauchi zafin rana a watannin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 35, wato ɗakin girki kaɗai ya isa ya narkar da ita. Idan ta narke sai kwaɓin ya shanye ta, abin da zai fito daga kasko kuma donot ne mai nauyi mai shan mai. Idan kuma ta daskare da yawa, sai ta farfashe a ƙarƙashin abin murji ta huda kwaɓin. Abin da ake nema shi ne bota mai sanyi wadda za ta lanƙwasu ba tare da ta karye ba, taurinta daidai da na kwaɓin.

Saboda haka lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ya fi dacewa da mai koyo, domin da asuba sanyi kan sauko ƙasa da digiri 18. A sauran watanni a yi murjin bayan sallar Asuba ko cikin dare, a kuma nisanci murhu.

Zaɓen bota

Botar da ake sayarwa a dunƙule cikin takarda, wadda ake ajiyewa a firji, ita ce ta fi ɗanɗano. Akwai kuma botar masu burodi da aka yi daga man tsirrai musamman domin ninki, wadda ta fi jure zafi, ko da yake ƙamshinta bai kai na ta madara ba. Wanda zai saye ta ya duba rubutun jikinta, domin dokar hukumar NAFDAC ta 2022 ta taƙaita sarrafaffen maiƙon nan mai cutar da zuciya zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai.

Bota mai laushi ta cikin roba da ake shafa wa burodi ba ta yi, saboda ruwanta ya yi yawa kuma ba ta tauri. Soyayyen man shanu ma ba ya yi, domin an riga an ƙone ruwansa kuma ba ya shimfiɗuwa. Amma ana iya zuba cokali biyu nasa a cikin kwaɓin domin ƙamshi.

Kayan haɗi

Domin donot 10 zuwa 12:
Fulawa giram 500, kimanin kofi huɗu
Madara mai sanyi mililita 260, kofi ɗaya da ɗan ƙari
Sukari giram 60
Gishiri giram 10
Busasshen yis giram 8
Bota giram 40 domin kwaɓi
Bota giram 250 domin ninki
Man gyaɗa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi domin tuya
Sukari da ɗan garin kirfa domin barbaɗawa

Za a kuma buƙaci abin murji, da leda mai tsabta, da tire, da tukunya mai kauri, da matsami. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a tanadi kula da ƙanƙara tun kafin a fara.

Rana ta farko: kwaɓi

A tankaɗe fulawa a roba, a zuba sukari da gishiri da yis, a juya. A zuba madara mai sanyi da bota giram 40, a kwaɓa na minti huɗu zuwa biyar har ya haɗe. Kada a buga shi da yawa kamar na burodi, domin idan ya yi danƙo sosai zai riƙa komawa baya lokacin murji. A rufe shi na rabin sa'a, sannan a danne shi ya zama mai kusurwa huɗu, a naɗe a leda, a sa a firji ya kwana. Idan kula za a yi amfani da ita, a ɗora kwaɓin a kan tire bisa ƙanƙarar, kada ruwa ya taɓa shi.

A sa bota giram 250 a tsakanin leda biyu, a daddaka da abin murji har ta zama mai kusurwa huɗu, santimita 15 kowane gefe. Ita ma a mayar da ita cikin sanyi.

Rana ta biyu: ninki

A fito da botar mintuna kaɗan kafin kwaɓin, har ta iya lanƙwasuwa. Idan teburin yana da ɗumi, a ɗora masa tire mai ƙanƙara na ɗan lokaci, a ɗauke, a goge ya bushe. A barbaɗa fulawa kaɗan, a murza kwaɓin ya kai santimita 32 a tsawo da 17 a faɗi. A ɗora botar a tsakiya, a rufo gefe biyu su haɗu a kanta, a matse bakin ko'ina.

A fara da danna abin murji a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, sannan a murza ta fuska ɗaya har tsawon ya kai kimanin santimita 45. A kakkaɓe fulawar da ke sama, a ninke gida uku, a naɗe a leda, a mayar cikin sanyi na minti 30 zuwa 45. A maimaita sau biyu, kowane karo a juya kwaɓin ta yadda buɗaɗɗen bakinsa zai fuskanci mai murji. Kada kowane murji ya wuce minti biyar. Da zarar an ga maiƙo a hannu ko bota tana leƙowa, a tsaya, a mayar da shi cikin sanyi. Bayan ninki na uku a bar shi ya huta aƙalla sa'a ɗaya.

Yanka da tashi

A murza kwaɓin ya yi kaurin santimita ɗaya da ɗan ƙari. A yanka da abin yanka mai kaifi mai faɗin santimita 8, ko gwangwanin madara da aka cire wa murfi aka wanke, a huda tsakiya da murfin kwalba. A danna kai tsaye a ɗaga, kada a murɗa, domin murɗawa tana liƙe bakin fallayen ta hana su buɗewa. Ragowar kwaɓi kada a cuɗa shi. A jera guntayen bisa juna, a sanyaya, a sake murzawa.

A jera donot ɗin a tire, a rufe da leda sako-sako, musamman a hunturu da iska ke busar da kwaɓi. A nan ne masu gwanintar fanke suka fi yin kuskure. Ƙullin fanke ana kai shi rana domin ya tashi, wannan kuwa rana ce ke kashe shi. A bar shi a inuwa, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, inda zafi bai wuce digiri 27 ba, na sa'a ɗaya zuwa biyu. Ya tashi idan ya kumbura, fallayen suka bayyana a gefensa, kuma yana ɗan rawa idan aka girgiza tiren. Sanya shi cikin sanyi na minti goma kafin tuya yana taimaka masa ya riƙe siffarsa.

Tuya

A zuba mai a tukunya ya kai zurfin santimita 6 zuwa 7, amma kada ya wuce rabin tukunyar. Zafin da ake so shi ne digiri 175. Idan babu ma'auni, a jefa ɗan guntun kwaɓi. Idan ya taso cikin 'yan daƙiƙoƙi yana kumfa, ya kuma yi ja cikin kimanin minti ɗaya, man ya yi. Idan ya zauna a ƙasa, da saura. Idan ya yi baƙi nan take ko man yana hayaƙi, a rage wuta.

A soya biyu ko uku a lokaci guda, minti ɗaya da rabi zuwa biyu kowane gefe. Cika tukunya yana sanyaya mai, botar ta tsiyaye, donot ɗin ya jiƙe. A tsame da matsami, a ɗora a kwando ya tsane, a mirgina a sukari da kirfa tun yana da ɗumi. Mai son zuba masa kirim ko narkakken sukari ya jira ya huce.

A nisantar da yara daga wurin tuya. Idan mai ya kama da wuta, a kashe murhu a rufe tukunyar da murfi, kada a kuskura a watsa ruwa.

Gane kuskure daga sakamako

Idan cikinsa ya fito kamar burodi babu falle, bota ta narke lokacin murji ko lokacin tashi. Idan fallayen sun rabu sun tarwatse a cikin mai, fulawar da aka barbaɗa ta yi yawa a tsakanin ninki, ko ya wuce lokacin tashinsa. Idan bayansa ya yi ja cikinsa ɗanye, wuta ta yi yawa ko an yanka shi da kauri. Idan ya yi nauyi ya sha mai, man bai yi zafi ba ko bai tashi sosai ba.

Ci da sayarwa

Wannan donot ba ya kwana. Bayan sa'o'i shida zuwa takwas ƙaras-ƙaras ɗinsa yake tafiya, firji kuma yana ƙara lalata shi. Ba kamar cincin ko dubulan ko alkaki ba ne, waɗanda ake yi kwanaki kafin biki ko Sallah. Abin da ake iya ajiyewa shi ne ɗanyen da aka yanka: a daskarar da shi a firiza, a fito da shi ya saki ya tashi a ranar da za a soya.

Mai niyyar sana'a da shi ta fi samun kwanciyar hankali idan ta yi shi bisa oda, ta kuma sa kuɗin ƙanƙara da na man tuya a lissafinta, ba na fulawa da bota kaɗai ba. Yana da maiƙo da sukari masu yawa, don haka masu ciwon sukari da hawan jini su bi shawarar likita kafin su ci. Mai koyo kuwa ya fara da rabin wannan awo, da asubar hunturu. Idan ya lalace asarar kaɗan ce, idan ya yi kyau kuma hannu ya riga ya gane taurin botar da zai nema a lokacin bazara.