Cin Kek Ko Ajiye Shi: Wanne Ke Gaba?

Duk wanda ya ɗan zauna a ajin Turanci ya taɓa jin ana cewa "you can't have your cake and eat it." Mukan fassara ta da "taura biyu ba ta taunuwa," mu wuce abinmu. Amma a tsaya a duba da kyau: mene ne abin gagara a nan? Ai kowa sai ya mallaki kek kafin ya ci. Abin da ba ya yiwuwa shi ne mutum ya cinye shi, ya waiwayo ya tarar da shi a faranti. Ke nan "eat" ya kamata ta riga "have".

Haka kuwa John Heywood ya jera su a littafinsa na karin maganar Ingilishi na 1546: ci a gaba, ajiya a baya. Sai dai kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci. Tun a 1538 Thomas Howard, mai sarautar Norfolk, ya sa maganar a wasiƙar da ya aika wa Thomas Cromwell, na hannun daman Sarki Henry na 8, shi kuma da mallaka ya fara. Ashe tun fil azal siga biyu ke yawo a Ingila. Mai farawa da ci ita ta fi rinjaye a rubuce har wajen shekarun 1930 zuwa 1940, sannan ɗayar ta danne ta. Ni dai tsohuwar na fi so, don ba ta bukatar bayani.

Wannan ɗan bambanci ya taɓa tona asirin mai kisa. Daga 1978 zuwa 1995 wani da ba a sani ba ya riƙa aika bamabamai a Amurka, ya kashe mutum 3, ya raunata 23. A Satumban 1995 jaridar Washington Post ta buga doguwar maƙalarsa, a ciki ya yi amfani da tsohuwar sigar. Ƙaninsa ya karanta, salon ya yi masa kama da na wansa, ya kai wa hukuma tsofaffin rubuce-rubucensa. Da masu bincike na FBI suka gwada, sai ga wannan jeri na ci kafin ajiya a cikinsu, ya shiga cikin hujjojin neman izinin binciken bukkarsa. Ranar 3 ga Afrilu, 1996, aka kama Ted Kaczynski a jihar Montana.